Fuskarsa Ce Makullin

Mai Ɗinki ba ta cikin waɗanda suka yi rububin asusun waya lokacin da abin ya shigo layinsu. Maza ne suka fara. Mai gyaran babur ya manna takardar biyansa, wadda ake ɗora waya a kai a tura kuɗi, a jikin ƙofa, mai aski ya manna tasa a gefen madubi. Shi kuwa telan da shagonsa ke kallon nata, wanda ake kira Ɗan Zamani, har wata 'yar lasifika ya sayo da ke shela duk sanda kuɗi suka shigo, don maƙwabta su ji da kunnensu. A wurinsu abin burga ne, kowa na son a ce da shi aka fara. Ita kuwa cewa ta yi kuɗin da hannunta bai taɓa ba, ba ta san da wane baki za ta kira su nata ba.

Masu kawo ɗinki ne suka fara karya ta. Mace za ta zo ta gwada riga, ta juya a gaban madubi, ta yaba, sannan ta zaro waya ta ce, "Anti, ba ni lamba in tura." In aka ce babu sai ta ce za ta dawo gobe da tsabar kuɗi. Goben ta zama mako, ɗinki na gaba kuma sai a ga ta tsallaka titi da shi.

Amma akwai wani dalilin da bai taɓa fita daga bakinta ba. Kuɗin da take tarawa a gwangwanin maɓallai kamar ƙamshi gare su. Da sun ɗan taru sai wani ya jiyo. Ɗan ƙanwa ya zo da zancen makaranta, maƙwabciya ta zo da zancen haya, ita kuma ba ta iya kallon idon mutum ta ce babu alhali gwangwanin na ƙarƙashin tebur. Wata mai kitso ce ta ba ta shawara, tana tsaka da tsefe mata kai.

"Kin ga maza don a gani suke shiga. Mu don kada a gani. Kuɗin waya ba sa kumbura jaka. Ki ce babu, ki zazzage jakar a gaban mutum, ba ki yi ƙarya da yawa ba."

Sai dai buɗe asusun na bukatar katin shaida, ita kuma ba ta da shi. Ta je wurin yin katin har ta gaji, na'urar ta ƙi karanta yatsunta, waɗanda allura da sabulu suka goge wa zane. Kullum sai a ce ta shafa mai ta dawo.

Mijinta direban motar ma'aikata ne a wani kamfanin robobi, dogon mutum mai wushirya da yawan barkwanci. Da ta kai masa kukanta sai ya ce, "Wannan ne abin damuwar? Kawo wayar." Ya zauna a bakin gado ya cika duk abin da ake cikawa da sunansa da katinsa. Da aka zo ƙarshe sai wayar ta buɗe wata da'ira, ta ce ya sa fuskarsa a ciki, ya ƙifta ido, ya juya hagu da dama, ya yi murmushi. Ya washe baki har kunne.

"Kin gani ko, uwar ɗakina? Fuskar nan da kike cewa ta yi kama da tsohuwar taya, yau ta zama makullin bankinki. Sai ki riƙa lallaɓa ta. Kika ɓata min rai na ɗaure ta, ko sisi ba ya fita."

"Ai lambar sirrin tana wurina."

"Riƙe kayanki. Ko an ɗora min wuƙa ba na son sani. Kuɗin mace ciwon kai ne."

Ya kuwa tsaya a kan maganarsa. Shekaru suka shuɗe bai taɓa tambayar abin da ke ciki ba. Da abin da ta tara ta sayi keken ɗinki na lantarki, babba mai teburinsa, irin wanda ke cin yadi kamar yunwa yake ji. A gefen teburin ta manna takardar biyanta, mai zane kamar gidan tururuwa, masu kawo ɗinki su ɗora waya a kai su biya. 'Yan uwa suka ci gaba da zuwa, ita kuma ta ci gaba da zazzage jaka. Wani lokaci takan bayar, amma yanzu sai in ta ga dama.

Wata rana da safe mijin ya faɗi, yana sunkuye yana ɗaura igiyar takalmi. Ta ji ƙarar kujera, ta fito ta same shi a ƙasa yana kallonta da ido ɗaya. A wajen cicciɓarsa zuwa mota wayarta ta suɓuce, taya ta bi ta kai. Ko waiwaya ba ta yi ba, wani maƙwabci ne ya tsinto mata layin daga cikin tarkacen.

Da aka sallame shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Gefen bakinsa ya zubo, fatar idon dama ba ta rufuwa duka, magana kuma ta koma sauti ɗaya da yake ja daga maƙogwaro. Amma yana jin komai. In aka yi abin dariya, rabin fuskarsa na dariya. Kamfaninsu ya aiko da gaisuwa da kwalin lemo, ya ɗauki wani direban. 'Yarsu guda, da ke aure a nesa da tsohon ciki, sai kira take tana kuka. Yayarsa ce ta tattaro kayanta ta zo taya jinya, mace mai ƙoƙari da kaifin harshe, wadda kowa a gidan ke kira Yaya.

Likitar da ta sallame su ba ta yi mata rufa-rufa ba.

"Mama, irin wannan ciwon, jiki na da ɗan lokacin da yake karɓar koyo. In aka fara gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi yanzu, akwai fatan ƙafar ta tashi, wataƙila har bakin. In aka bari ya sandare, to sai haƙuri."

Sashen gashi na asibitin ya cika, layinsa sai an yi watanni. Amma akwai wata cibiyar gashi mai zaman kanta da ke da gurbi guda, suka ce za su riƙe mata shi zuwa ƙarshen mako, a biya kafin a fara. Da aka faɗa mata kuɗin ko gezau ba ta yi ba. Abin da ke asusun ya isa har da saura. Ta fito tana jin wata irin natsuwa, tana cewa a ranta ashe don wannan ranar ta yi ta zazzage jaka.

Ta sayi tsohuwar waya da 'yan canjin da suka rage a gwangwani, mai sayarwar ya sa mata layin ya sauko mata da manhajar asusun. A gida ta danna lambar sirrinta, ta shiga daidai. Sai ga da'irar nan ta buɗe. Wayar ta rubuta cewa wannan sabuwar waya ce, mai asusu ya nuna fuskarsa.

Ta jira Yaya ta tafi kasuwa. Ta ɗago shi ta tokare shi da matasai a kusa da taga, inda haske ya fi.

"Malam, makullin ake nema."

Ya ja sautin nan nasa, rabin bakin ya motsa. Ya gane.

Ta riƙe wayar daga gefe yadda ba zai ga kansa sosai ba, don tun dawowarsu ta cire madubin ɗakin. Aka ce ya ƙifta. Idon hagu ya ƙifta, na dama ya tsaya a buɗe yana ruwa. Wayar ta ce ba ta gane shi ba, a sake. Mai Ɗinki ta ce ko gemun da ya tara a asibiti ne. Ta kawo ruwan ɗumi da reza ta aske shi tas, abin da ba ta taɓa yi ba a zamansu. Ta nemo hular da ya sa ranar da ya buɗe asusun ta ɗora masa. A wannan karon ƙiftawar ta wuce. Ta zura hannu ta bayan wuyansa ta juya kan hagu, ta juya dama, su ma suka wuce. Sai murmushi. Ya yi iya ƙoƙarinsa har jijiyar wuyansa ta tashi. Gefe ɗaya ya hau, ɗayan ya zauna inda yake, yawu ya biyo ta nan. Wayar ta ce ba ta gane shi ba, kuma damar gwadawa ta kusa ƙarewa.

Ta ajiye wayar a cinya ta share masa baki da gefen mayafinta. Ta daɗe tana kallon fuskar. Ba ta san sanda ta fara kallonta da idon aiki ba, yadda take kallon rigar da kafaɗarta ɗaya ta zube. Ai in gefe ya sauka, ɗaga shi ake yi a kama har ya daidaita da ɗan'uwansa. Ta jawo ledar magunguna ta zaro filasta mai launin fata, ta ɗauko almakashinta. Ta auna da ido, ta yanka siriri. Ta manna baki ɗaya a kusurwar leɓensa, ta ja sama a hankali zuwa kunne, ta tura ƙarshen ƙarƙashin hula. Ta yanka wani ta ɗage girar da ta faɗo. Ta ja da baya ta duba, ta gyara, ta sake dubawa. Gefe biyun sun yi daidai. Aikin ya yi kyau, irin wanda da a kan yadi ne da ta yi alfahari da shi.

Shi dai yana bin ta da idonsa mai kyau.

"Ka yi haƙuri, Malam. Sau ɗaya ne."

Don kada a samu kuskure, ta kawo wayar daidai gabansa. A nan ya ga kansa, karo na farko tun faɗuwarsa. Ya ga bakin da aka ɗaure da murmushin da ba nasa ba. Idon hagu ya cika, hawaye ya gangaro, amma bai kawar da kai ba. Ya ƙifta da aka ce ya ƙifta. Da'irar ta yi ta juyawa, sannan ta koma ja. Rubutu ya fito cewa an ga alamar yunƙurin yaudara, an dakatar da fitar da kuɗi daga asusun, mai shi ya je ofis.

Ta ɓare filastar da ruwan ɗumi, amma duk da haka ta tafi da ɗan fatar kuncin da aka aske. Da Yaya ta dawo ta ga jan layi daga baki zuwa kunne.

"Me ya samu ƙanina a fuska?"

"Reza ce, Yaya. Hannuna bai saba ba."

"To ki bar wa masu aski aikinsu. Ba kowane abu ake yi wa yankan yadi ba."

Ofishin kamfanin asusun wani ɗaki ne a ƙasan bene, mai kujerun roba da fanka ɗaya. Ta karɓi lamba ta zauna. Matar da ke gefenta, mai goye da jariri, ta leƙo wayarta.

"Ke ma na mai gidan ne?"

Mai Ɗinki ta gyaɗa kai.

"Ni nawa rasuwa ya yi. Kuɗin ƙwai ne da na yi ta sayarwa. Duba layin nan da kyau, rabi mu ne."

Da aka kira lambarta, ta sami wani saurayi mai ladabi a bayan gilashi. Ya danna kwamfuta ya ɗago.

"Mama, ke ce mai asusun?"

"Kuɗina ne."

"Na ji. Amma sunan namiji nake gani."

"Mijina ne. Shi ya ba da suna, ni na zuba. Ko allura ɗaya babu tasa a ciki."

Ta ba shi labarin ciwon da na cibiyar gashi da ƙarshen mako. Ya saurara har ta gama. Sannan ya ɗan juyo mata da allon kwamfutar, sai ya fasa, ya mayar.

"Hoton ƙarshe da ya zo mana, an manna masa abu a fuska. Ban ce komai a kanki ba, Mama. Amma haka ɓarayi ke yi wa tsofaffi, wani lokaci ma har wa gawa. Shi ya sa na'ura ba ta tambaya, kullewa take."

Ta sunkuyar da kai tana kallon yatsunta.

"In na kawo shi nan fa? A kujera mai taya?"

"Zai iya faɗa da bakinsa cewa ya yarda? Ko ya sa hannu irin na katinsa?"

"Hannun ne ya mutu."

"To sai takardar kotu mai cewa ke ce mai kula da shi, da rahoton likita. Mu tura babban ofis su duba. Yakan ɗauki watanni, ba zan yi miki ƙarya ba. Kuɗinki suna nan lafiya. Za su iya shiga, fita ce dai babu."

Ta yi godiya, don ba ta san abin da ake yi ba in ba godiya ba.

Ba ta faɗa wa Yaya ba. In ta ce an kulle, sai an tambayi abin da ya kulle, sai zancen filasta ya fito. Bayan wannan kuma sai an tambayi nawa ne a ciki, dangi su ji cewa duk shekarun da take zazzage musu jaka akwai abin da ke kwance. Ta san yadda za a ɗauki maganar, ta san bakunan da za ta bi. A shago ta ce wa masu kawo ɗinki waya ta sami matsala, su kawo tsaba. Ta so ta ɓare takardar biyan daga teburin keke, sai ta ga layin gaba ɗaya zai tambayi dalili, don haka ta rataya wani ƙyalle ya rufe ta.

Abu ɗaya ya rage mata mai daraja. Da yamma ta tsallaka titi ta sami Ɗan Zamani yana guga. Ya daɗe yana yaba keken nan, har ya taɓa taya shi da wasa.

"Har yanzu kana son keken?"

Ya ajiye dutsen gugar.

"Anti, da gaske? Tela babu keke ai direba ne babu mota." Sai ya ji abin da ya faɗa, ya dafe baki. "Ki yafe ni. Ya jikin Baba?"

"Da sauƙi. Kana so ko in nemi wani?"

Ba su ja ciniki ba. Ya ba da abin da ya ɗan haura kuɗin cibiyar, ta sallama, ko da yake su duka sun san keken ya fi haka.

"Amma tsaba nake so," in ji ta.

"Tsaba? Wa ke riƙe irin wannan kuɗin a hannu yanzu? Ke da kike da asusu, in danna kawai ki ji ƙara."

"Tsaba."

Ya ɗaga kafaɗa. "Tsofaffi da son ƙirga takarda. Shi ke nan, zan bi masu cire wa mutane kuɗi daga asusu, su yanke nasu. Gobe da hantsi zan zo da 'yan dako."

Goben ita ce ranar ƙarshe. Cibiyar ta ce a kawo shi da safe a auna gaɓoɓinsa, a biya kafin a tashi aiki, a fara. Dole ita za ta kai shi, don ita ta san magungunansa, ita kaɗai ke gane sautinsa. Ta ba Yaya makullin shago.

"Na sayar da keken, Yaya. In yaron nan ya kawo kuɗin, ki karɓa ki riƙe min."

Yaya ta dube ta, a karon farko babu ƙaya a idonta.

"Keken naki? Allah ya saka miki, 'yar nan. Je ki, ina nan."

A cibiyar aka zaunar da su a wani dogon baranda. Ta cikin ƙofar gilashi tana hango ɗakin gashin. Wata ma'aikaciya ta riƙe hannun wani tsoho, tana buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta lanƙwasa gwiwar hannun, ta miƙe, ta ɗaga sama. A can gefe wata mata na takawa tsakanin ƙarafa biyu, ƙafa ɗaya na jan ƙasa, amma tana takawa. Mai Ɗinki ta juyo kujerar mijinta don ya gani. Ya kalli matar, ya kalli ƙafarsa, ya ja sauti a hankali.

"Haka za ka yi," ta ce masa. "Har ka fi ta, kai da ka saba taka birki."

Rabin fuskar ya yi dariya.

Sai wayar ta yi ƙara a jakarta. Ta ɗauka 'yarsu ce. Saƙo ne daga asusun. An tura kuɗi, sun shiga lafiya, ga sunan Ɗan Zamani, ga kuɗin keke cif. Ta karanta, ta sake karantawa daga farko da yatsa, kamar yadda take yi in rubutu ya yi mata nauyi. Ba abin da ya canza.

Da aka kira su wurin biya, yarinyar da ke teburin ta tura mata wata takarda mai zanen gidan tururuwa.

"Ɗora wayarki a nan, Mama."

"Kuɗin suna ciki. Ga su, duba. Fita ne ba sa yi."

Yarinyar ta duba, ta ga adadin, ta ɗan zaro ido.

"Ai kina da ninkin abin da ake nema."

"Ba za a fara masa ba, in biya in an buɗe? Ki riƙe wayar ma."

Yarinyar ta shiga ciki ta tambayo, ta dawo tana kauce wa idonta. Ba a farawa sai an biya. Akwai masu jira, an riga an yi musu alkawarin in yau ta wuce gurbin nasu ne.

Ta mayar da shi gida ta kwantar, ta wuce shago. Ƙofa a buɗe. Inda keken yake sai sawun ƙafafun tebur a siminti da tarin guntun zare. Yaya na sharewa, fuskarta a sake. Ɗan Zamani ya hango ta ya tsallako da murnarsa.

"Anti, kin ga saƙo? Na zaga masu cirewa duk babu mai tsaba haka. Na ce wa Yaya ko a bari sai jibi, ta ce kuɗin asibiti ba ya jira. Muna janye ƙyallen nan sai ga takardarki. Ko minti ba a yi ba."

"Ni na ce ya tura," in ji Yaya. "Na ce ga hanya mai sauƙi, ya same ki can inda kike."

"Ka dawo da su," in ji Mai Ɗinki.

"In dawo da su? Ai abin da ya tafi ya tafi. Sai dai ke ki turo min."

"An kulle asusun. Suna shiga, ba sa fita."

A can tsallake 'yar lasifikar Ɗan Zamani ta yi shelar wani ƙaramin ciniki.

"Haba Anti, me ya hana ki faɗa? Kalma ɗaya ce." Ya shafa kai ya dubi shagonsa, inda 'yan dako suka ajiye keken a bakin ƙofa. "Wallahi duk abin da na tara ne na zuba. Da ina da wasu da na ba ki. Ko in maido miki keken... to ni kuma in kama ina?" Ya juyo gare ta. "Ki riƙa zuwa da yamma kina ɗinki a kai in na tashi. Ba sai kin biya ba."

Ta ce ta gode. Ya koma shagonsa.

Yaya ta jingine tsintsiya.

"Me ya kulle shi?"

A tsaye a kan sawun teburin Mai Ɗinki ta faɗa mata komai, da da'irar, da askin, da filastar. Ba ta rage ba, ba ta kare kanta ba. Yaya ta saurara har ƙarshe.

"Wato ba reza ba ce."

"Ba reza ba ce."

"Fuskar ƙanina kika naɗe da filasta kamar kwalin kaya." Ta yi maganar a hankali, ba irin faɗan da ta saba ba. "Kuma da kin buɗe baki jiya, da yanzu kuɗin na cikin zanina. Ke dai zurfin cikin nan naki sai ya ga bayanmu."

Ta miƙa mata makullin shagon ta yi gaba. Mai Ɗinki ta ja ƙofar ta rufe, ta bi bayanta da tazara.

A gida ta same shi yadda ta bar shi, ido a kan ƙofa. Ya dube ta ya ja sautin tambaya.

"Sun ba wani gurbin," ta ce. "Za mu bi kotu. Sun ce watanni."

Ya rufe idonsa na hagu. Na daman ya ci gaba da kallon rufi.

Ta wanke hannu ta jawo kujera kusa da gadon. Ta ɗauki hannunsa na dama, mai nauyi kamar jiƙaƙƙen yadi. Yatsun sun fara dunƙulewa cikin tafin, abin da ba ta lura da shi ba a makon jiya. Ta tuno yadda ma'aikaciyar ta yi ta cikin gilashi. Ta fara da babban yatsa, ta buɗe shi, ta koma na kusa da shi. Ta lanƙwasa gwiwar hannun ta miƙe. Da ta zo ɗagawa sama sai ya yi wani nishi, ta tsaya cak. Ba ta sani ba ko zafin gyara ne ko na ɓarna, kuma babu wanda za ta tambaya. Yaya na tsaye a bakin ƙofa da kwano a hannu, ba ta shigo ba, ba ta tafi ba.

"In ci gaba, Malam?"

Ya ƙifta ido sau ɗaya. Ta sauke hannun a hankali. Kafin ta gyara zama yatsun sun sake naɗewa, ta koma kan babban yatsan.